Bawul ɗin da ke Ƙirjin Auta

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau. Likitocin da ke duba ni ɗalibaina ne, ni na koya musu sassauta murya in labari ba daɗi, don haka ba su iya ɓoye mini komai ba. Tafiya ta matso. Dogo, Mai-Gardama, Auta, ku karanta a zaune wuri ɗaya.

1. Gida da kayan ciki a raba yadda ya dace. Littattafaina a kai ɗakin karatu na sashenmu na tiyatar zuciya, kada a bar su a kwali ɓeraye su yi digiri da su.

2. Injin gwajin da ke ɗakin bincikena a bar shi a hannun Mai-Gardama, ita ta san laulayinsa.

Fiye da rabin rayuwata na ƙarar a gaban injin nan, yana buɗe bawul yana rufewa kamar yadda zuciya ke yi. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, takan ce ya fi ta sanin fuskata. Bawul, wato 'yar ƙofar zuciya da ke barin jini ya wuce sannan ta rufe, in ya lalace sai an canza shi. Na ƙarfe yana daɗewa, amma mai shi ba ya rabuwa da maganin tsinka jini, ga mace mai son haihuwa kuwa wannan haɗari ne. Shi ya sa na ɗinka nawa da tantanin zuciyar saniya, na jiƙa shi a ruwan maganin da na haɗa. Aka yi ta ambatona a mujallu, ɗalibaina suka bazu asibitoci suna dasa shi. Har ƙirjinki ya shiga, Auta, da naki ya lalace, kika yi aure, kika haifa mini jika. Ranar na yi kuka a gaban ma'aikatan jinya, ban ji kunya ba.

Sai Mai-Gardama ta bi sawun matasan da aka sa wa, ta gano yana ƙandarewa a jikinsu da wuri, ƙofar ta tsuke. Ni ta fara kawo wa sakamakon, idonta jajur. Na duba, na sake dubawa, ban sami inda zan kama ta ba. Ya yi mini ciwo, wallahi ya yi. Na ce ta buga a mujalla.

3. Dogo, ka daina gaba da ƙanwarka.

Ka tashi ka fice daga zauren taro tana tsaka da jawabi. Ka ce ta tozarta ubanta, da ta jira ƙasa ta rufe idona. Haba Dogo! Kai fa likitan tiyata ne. Bawul ɗin zai jira jana'izata ne kafin ya ƙandare? Ni na koya mata kada ta yarda da magana don mai furfura ne ya faɗe ta, tun tana ƙarama take gwada darasin a kaina. Na san ƙauna ce ta sa ka, amma ta zo mini a baibai. Yanzu sai kun leƙa kun ga motar ɗayanku ba ta nan kafin ku shigo gaishe ni. Ina gani, kuma ya fi ciwon nan cin raina.

4. Auta, ki je a cire shi.

Kin ƙi zuwa hoton zuciya. Kin ce na Baba ne, ba mai taɓa shi, wai in kin yarda kin goyi bayan yayarki kin kunyata yayanki. 'Yata, ni fa ba a yi mini wayo da ƙirji. Ina jin inda kike tsayawa ki huta a matakalar asibiti kina yi kamar waya kike dubawa. Da kika sunkuya gyara mini matashi na ce ki bar ni in saurari ƙirjinki, kika yi dariya, kika ce tsoho bai bar aiki ba. Na saurara. Na bar maganar sai yau don ɗiyarki na tsaye a wurin, amma abin da yayarki ta rubuta shi na ji, ƙuru-ƙuru.

Ya yi aikin da na ɗinka shi domin ya yi, ya kai ki har kika ga fuskar ɗiyarki. Ban ɗinka shi don ya raka ki kabari ba. Sunana a mujallu ko ya tsaya ko ya faɗi, oho, ba shi zai goya marainiya ba.

Dogo, kai za ka zaɓo mata likitan da ka fi amincewa da hannunsa. Mai-Gardama, ke za ki zaɓi bawul ɗin, kada ki duba sunan wanda ya ƙera shi. Ku kai ta tare, a mota ɗaya, ku zauna a benci ɗaya har a fito da ita. Kada ku jira a gama zaman makokina.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya raya abin da kuka haifa. Ku uku na bari, ku riƙe juna. Ni zan je in tarar da mahaifiyarku, kada kowa ya biyo ni da wuri. Da ke nake, Auta.