Tayar da Na Zaɓa Maka

Duk wanda ya tsinci takardar nan a akwatina, ya mayar da ita yadda ya same ta. In kuwa uwa ce, ta karanta har ƙarshe, don da ita ma nake.

Assalamu alaikum, Sanusi. Ka ga na rubuta sunanka, wanda kunyar ɗan fari ta hana bakina faɗa tun haihuwarka. Na san ba za ka karanta ba.

Mutanen gida lafiya. Matarka Hauwa'u ta sauka, namiji ne, an mayar masa da sunanka. Babanku ya daina zama a ƙofar gida da la'asar, lokacin da ka saba dawowa ran Alhamis.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ka tuna da aka tura ka koyarwa Galadi, ka kawo wani dogon mashin ƙofar gida a nan Ƙaura don in sa albarka kafin a gama ciniki? Ka nuna mini tayoyinsa masu manyan haƙora. Ka ce hanyarka kashi uku ce: tsandauri mai gargada, sai yashi bayan Shinkafi, sai ramuka da laka in damina ta faɗi, kuma irin wannan tayar ce kaɗai ke riƙe duka ukun.

Ban saurare ka ba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, ko'ina zancen 'yan kabu-kabu masu goya mata ake yi, irin mashin ɗin nan kuwa su ke hawansa, su da masu fasa-ƙwaurin mai zuwa Nijar. Na ce ɗana malami ba zai yi kama da su ba. Na sa ka canzo ƙarami mai tayoyi sumul, irin na ma'aikatan sakatariya. Ka sunkuyar da kai, ka ce to.

Me na sani game da hanyar Galadi? Ko sau ɗaya ban taka ta ba.

Mutumin da ya ɗauko ka ya ce ba gudu kake ba. Ruwan farko ne, laka ta kwanta kan tsandauri, tayar gaba ta zame, kanka ya bugi kwalbati. Masu gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ba na ja da hukuncin Allah. Amma bakin wa ya zaɓi tayar? Me ya sa ba ka yi mini gardama ba? Na sani. Ni na hore ka kada ka yi.

Ƙaninka Murtala ya sami aikin malamin gona a Zurmi. Jiya ya kawo dogon mashin mai haƙora, ya tsaya yana satar kallon fuskata. Na dafa tankin, na sa albarka, na shige ɗaki.

Da safe na tara su na kafa doka: a gidan nan, wanda zai bi hanya shi ke zaɓen abin hawansa. Ni tawa addu'a ce.

Ka yafe mini. Allah ya sa kana cikin rahama.

Innarka, wadda ba ka taɓa musa wa ba.