Neman Kundi a Kwamfutar Baba

Jega, Litinin

Luba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, ya maigida da aikin albasa? Ki yi haƙuri da gaisuwa a gurguje, Shamsuddeen ne tsaye a kaina yana magana ina rubutu. Shi ne wanda ya karɓi shagon buga takardu daga hannun Baba, in kin manta shi, dogon nan mai jera biro a aljihu.

"Malama," in ji shi, "ni ba ƙi nai ba. Injiniya na tahowa daga Birnin Kebbi ran Asabar. Kwamfutar ga ta kamu da cuta, sai an wanke ta tas, komi na ciki ya tafi. In ya koma kuwa ban san ranar ganin shi ba."

Na ce na ji. Ya sake maimaitawa, ina jin don bai ga na yi kuka ba.

Ga abin da ya kawo ni daga Sakkwato. Kin tuna kundin digirina na biyu, wanda na yi ta sintiri a rumbunanku na Aliero ina auna albasa ina ƙirga wadda ta ruɓe, mutanenku suna min kallon wadda ya kamata a kai wa malamai. Da hannu na rubuta shi, Baba ya buga a kwamfutar shago kafin ciwon ƙafa ya mayar da shi gida Kuberi, ya aiko min da shi a faifan fulofi. Makon jiya malamin da ke duba aikina ya ce in kawo bugaggen kundi kafin ƙarshen wata, in ba haka ba sai baɗi. Na sa faifan, ya yi ƙara irin ta ƙofar da ba a sa wa mai, ya mutu.

Na ce ba komai, akwai rubutun hannu a shago. Shamsuddeen ya sosa ƙeya. Ashe ya share shago, ya kwashe tsofaffin takardu ya bai wa masu tsire na bakin tasha. Don haka in kin ci tsire a Jega cikin watannin nan, kin karanta ni.

Saura kwamfuta. Rumbunta kashi biyu ne. Na farko injin ya san abin da ke ciki, kina rubuta suna zai ba ki amsa. Na biyu, inda Baba ya riƙa zuba aikin mutane, ba a taɓa sa injin ya yi masa rajista ba. In kin nemi suna a can, sai ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya, ɗaki cikin ɗaki, kamar mai neman akuya gida-gida. Akwai wani ɗan kare da aka zana a gefen allo, yana tonon ƙasa yayin da ake neman. Mun saba da shi ƙwarai. In aka ɗauke wuta a tsakiya, ni da shi mu koma farko.

Na nemi sunana, Sakina, babu. Na nemi kundi, digiri, albasa da Hausa da Turanci, Aliero, jami'a. Na samo katin ɗaurin aure, takardun neman aiki, da wani koke a kan rijiya. Na so in bi ta kwanan wata, ashe batirin agogon injin ya mutu tun tuni, duk fayilolin rana ɗaya aka haife su.

Don Allah ki tambayar min Baba da wane suna ya ajiye shi. Ni ba zan iya barin kujerar nan ba, ina tashi za a zauna buga katin suna. Kuma kin san in ni na rubuta masa, ke zai aika wa amsar, gara a rage wa Tamu direba zirga-zirga.

Ina gidan Goggo Tabawa, tana gaishe ki. Ki gaida yara.

Yayarki,
Sakina

*

Aliero, Talata

Yaya Sakina,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya lau, yara na gaishe ki, maigida ma yac ce in miƙa gaisuwa da jaje. Takardarki ta iske ni tsakar gida cikin albasa, muna zaɓe, ido na ruwa. Matan da munka yi aiki tare sun ɗauka mutuwa anka yi, sai da na ce masu a'a, takarda ce ta ɓace cikin talabijin.

Yaya, ki yi mani gafara, na yi dariya wurin tsiren. Maigida yac ce in dai haka ne ya ci babi guda ran kasuwa, kuma ya ji yaji.

Amma raina bai yi daɗi ba. Ni na san wahalar da kinka sha. Na tuna ran da kinka faɗa ramin bayan rumbu da sikelinki, kinka tashi kina tambayar ko sikelin ya ji ciwo. Abin ga ba ya ɓacewa in Allah ya so.

Ni ba ni iya zuwa Kuberi, ga albasa ga goyo, amma ƙanen maigida shina zuwa Maiyama gobe da sassafe, Kuberi kan hanya tai take, na ba shi takarda ya kai ma Baba hannu da hannu, ya tsaya sai ya karɓo amsa. Na rubuta da manyan baƙi don idon Baba.

Ki ce ma wanga Shamsuddeen in ya taɓa kwamfutar kafin amsa ta iso, ni da kaina zan taho Jega, kuma ba da digiri zan taho ba.

Kina cin abinci kuwa? Na san ki. Na ba Tamu ƙullin ƙuli da soyayyar albasa, ki tambaye shi, kar ya ce ya manta.

Ƙanwarki,
Luba

*

Kuberi, Laraba

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina baki ɗaya. Allah ya yi maku albarka, ya sa a sayar da amfanin gona cikin rufin asiri. Ƙafa da sauƙi, ina taka ta zuwa masallaci.

Na karanta saƙonki, kuma hankalina ya tashi matuƙa. Ki sanar da yayarki cewa aikin yana nan cikin injin, ban goge ko harafi ba. Na buga shi da hannuna, ban bar wa kowa ba, kuma duk inda na ga lissafi sai na karanta sau biyu.

Game da suna, ƙa'idata a shago ɗaya ce: kowane aiki da sunan mai shi nake ajiye shi, don kada haƙƙin wani ya shiga na wani. Ba na tsammanin na saɓa a wannan. Sai dai in faɗi gaskiya, ainihin abin da na rubuta ya kwanta mini, shekaru sun ja. Ɗakin da na sa shi ma ban riƙe ba. Ta duba da natsuwa, ba ta da gaggawa tun tana ƙarama.

Ki ce wa Shamsuddeen ina roƙon arziki ya saurara mata. Ki kuma ce wa yayarki kada ta zauna da yunwa gaban injin.

Allah ya bayyana. Wassalam.

Mahaifinki,
Sahabi Yari

(Yaya, ga ta nan yadda taz zo. Ni dai tsakanina da ke ban ga suna ciki ba sai nawa. Luba.)

*

Jega, Juma'a

Luba,

Sallama da gaisuwa, da godiyar ƙuli. Tamu ya kawo rabi, ya ce hanya ce ta ci sauran.

Ki zauna kafin ki karanta, ba don labarin ba shi da daɗi ba, don na san za ki yi ta faɗinsa har jikokinki.

Wasiƙar Baba ta zo jiya. Na karanta, na ga ya ce da sunan mai aiki yake ajiyewa, sai na koma na nemi Sakina da manyan baƙi, da ƙanana, da Sakinatu, da Malama. Karen ya tona rabin Jega bai samo komai ba. Da la'asar injin ya sandare, Shamsuddeen ya ce, "Kin gani ko? Cutar ce." Yana faɗa da wani irin jin daɗi, kamar likitan da maras lafiyarsa ya suma a gaban dangi. Na gaya masa saƙonki. Ya ce yana girmama ki, amma injiniya ya riga ya sayi man mota.

Yau kasuwa, gari ya cika, wuta kuwa tun safe babu. Na roƙi a tada janareto. Muna cikin hayaƙinsa sai ga Alhaji Buba, babban masu tsiren tasha, abokin hirar Baba, ya leƙo neman ƙarin takarda. Shamsuddeen ya yi wuf ya ce babu, sannan ya nuna ni.

"Alhaji, ga Malama Sakina, ɗiyar Malam."

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. "Wace Sakina? Malam na da wata ɗiya Sakina?"

"Ta Sakkwato, mai karatu."

"Au, yayar Luba za ka ce mani. Ke ce yayar Luba? Sannu, sannu. Ai kullum muna bisa bencin ga sai ya ce yayar Luba ta ci jarrabawa, yayar Luba za ta zama dakta ta albasa. Ashe Sakina ne sunan. Yau na hwara ji."

Na gaishe shi da kyau, har na tambayi lafiyar kasuwa, ban ce masa komai a kan babi na uku da ya naɗe tsire da shi ba. Yana fita na juyo kan kujera.

Luba, na san Baba ba ya kiran sunana. Wa bai sani ba? 'Yar fari ce ni, na girma a kan "ke" da "yarinyar nan" da "ku kira ta". Ban taɓa jin zafin abin ba, haka na ga ana yi a kowane gida. Amma a zatona kunya a baki kawai take. Ban taɓa kawowa za ta bi mutum har cikin yatsunsa, yana shi kaɗai a shago, gaban injin da ba ya ji ba ya gani. Kuma bai yi ƙarya ba. Da sunan mai aiki ya ajiye, sunan da shi yake iya kira na da shi.

Na rubuta Luba. Karen ya fara tono. Janareto ya yi tari, Shamsuddeen ya fita ya dafa shi kamar mai lallashin jaki. Can sai ga katin bikinki ya fito. Sai takardar makarantar ɗanki. Sai shiru mai tsawo, har na fara tsara yadda zan gaya wa malamina cewa baɗi ma shekara ce. Sannan ga shi, can cikin wani ɗaki mai suna Gida, a cikin wani mai suna Tsofaffi: Aikin yayar Luba.

Na buɗe. Komai na nan, har jadawalin rumbun da na faɗa bayansa. Ban yi kuka ba, hayaƙin janareto ne, kuma Shamsuddeen ya yarda da hakan.

Ina taya ki murna. Kin bar makaranta a aji uku, ga shi kin yi digiri na biyu.

Na kwafe a faifai uku, ɗaya zai zauna a wurinki, nesa da albasa. Yanzu ana bugawa a takarda. Ki aika wa Baba cewa an gani, kuma ƙa'idarsa ba ta saɓa ba.

Yayarki,
Sakina

*

Jega, Asabar

Luba,

Gaisuwa a tsaye, Tamu na danna oda a waje.

An gama bugawa da safen nan. Da na zo haɗa shafuka sai na ga na farko, wanda ban duba jiya ba. Sunan jami'a na nan, sunan kundi na nan, shekara na nan. Inda sunan mai kundi zai zauna, Baba ya ja layi ya bar shi fari. Ya buga shafi sama da ɗari da yatsa biyu, bai tsallake ko waƙafi ba, sai nan.

Na zauna na cike da kaina, sunana da nasa a jere, aka sake buga shafin.

Injiniya ya iso da jakarsa, na tashi na ba shi kujerar. Na ce wa Tamu ba Sakkwato za mu fara ba, ya bi da ni Kuberi. Zan ajiye kundin kusa da tabarmar Baba in gaishe shi, shi kuma ya tambaye ni lafiyarki.

Shamsuddeen ya ce aikin ba ya son ƙura, ya ja ƙofar shago ya rufe. Na tafi.

Sakina