Jar Motar Dije da Kunnen da Ka Bar Mini

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Garba mai goro,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, da roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka na Djougou, ina neman izinin in dame ka da wata magana wadda ko kana raye da ka ce ta yara ce. Maganar mota ce. Shekara goma sha biyu ke nan rabonmu da kai. Na san ba a kai wasiƙa inda kake, don haka zan ajiye ta a shafina na intanet, inda danginka ke leƙowa kullum su karanta, su kuma yi kamar ba su gani ba.

Ka tuna Dije, 'yar Yaya Mudi, wadda ka bari tana wasa da marfin kwalba a zaurenmu na Parakou? Ta kai sha takwas. Ta ci bak, jarrabawar nan ta ƙarshen lise, wato sakandare, ta kuma karɓi permi na tuƙi a wata ɗaya. Yaya ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa duk motar da ta nuna zai saya mata. Ka san ɗanka da baki a gaban mutane.

Ta nuna wata ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, irin wadda aka ƙera don gudu kawai. Tana ajiye a filin wani dillali a hanyar Tourou, tsakanin akori-kura da motocin haya, kamar amarya a cikin 'yan aikin gona.

Kafin in ci gaba, bari in tuna maka wani abu, ko da yake ban yi zaton ka manta ba. Shekarar da Yaya ya faɗi brebe, jarrabawar ƙaramar sakandare, karo na biyu ka saya masa sabon babur, ka ce don kada ransa ya ɓaci. Shekarar da na ci bak ka ba ni alƙalami a cikin ɗan akwati, ka dafa kaina ka ce, "Ke Malama, ilimi shi ne motarki." Motar kirki ce, Baba. Ba ta shan mai, ba ta faci. Sai dai shekara da shekaru ina da ita, in zan je kasuwar Arzèkè ɗan zem nake tsayarwa in hau bayan babur ɗinsa.

Kuma ni ce mai kunnen. Tun ina 'yar shekara goma, duk lokacin da za ka sayi gingimarin ɗaukar goro, ni kake kira a bar Yaya yana ƙwallo. A tayar da injin, ka miƙo mini sandar nan ta gora, in dafa kai ɗaya a jikin ƙarfen, ɗaya kan a kunnena. Ka ce, "Me kika ji?" In ce na ji wani abu yana ƙwanƙwasa can ƙasa kamar ana daka a gidan maƙwabta. Sai ka juya ga dillalin ka ce, "Malama ta ce a'a." Manyan maza masu gemu suna tsaye, maganar yarinya ta kashe ciniki. Ban taɓa jin girma irin na waɗannan ranakun ba, har ranar da aka ba ni digiri.

Amma in an saya, makulli hannun Yaya yake zuwa. Ni kujerar gefe. Sau ɗaya na tambaye ka dalili, muna hanyar Djougou, ka yi dariya ka ce, "Kunne naki, ƙafa tasa. Allah bai haɗa wa mutum ɗaya ba." Ban koyi tuƙi ba sai bayan rasuwarka, ina da shekara talatin da ɗaya, a makarantar koyon tuƙi tare da yaran da nake koya wa lissafi. Motata ruwan toka ce, mai ƙofa huɗu, mai hankali. Duk wanda ya gan ta ya san mai ita tana isa wurin aiki a kan lokaci.

To, Yaya da ya ga jar motar sai ya so ya janye, ga kuma rantsuwa ta riga ta fita. Ya nemi mafaka a bayana. Ya ce wa Dije, "Sai abin da Gwaggonki ta ce. Ita ce ta gaji kunnen Alhaji." Dije ta zo gidana da sassafe. In tana son wani abu ba ta ce mini Gwaggo, Tanti take cewa, tana jan ƙarshen kamar alewa. Ta ce, "Tantiii, ki zo ki gan ta kawai. Wallahi za ki so ta."

Na ɗauko sandarka daga bayan ƙofa muka tafi har da Yaya.

Baba, na je ne ina addu'ar in ji aibi. Ba zan ɓoye maka ba. Aka tayar da ita, na dafa sanda, na rufe ido. Na jira daka, na jira ƙwanƙwasa, na jira ko ɗan shaƙewar numfashi. Babu. Tunda nake sauraron inji ban taɓa jin mai tsabta irin wannan ba. Tana numfashi kamar jariri ya ƙoshi.

Dillalin ya ce in ɗan zaga da ita. Na bar su a filin na hau kwalta ni kaɗai, na wuce Tourou na miƙi hanyar Djougou. Na yi niyyar in tafi a hankali kamar yadda nake tafiya da tawa. Ban san lokacin da ƙafata ta nutse ba. Itatuwan kaju suka koma zane ɗaya a gefen idona, ɗankwalina ya zame, na ji wata mata tana ƙyalƙyala dariya a cikin motar, ashe ni ce. Sai da na hango wata tsohuwa da tulin doya a ka tana shirin tsallaka hanya na taka birki. Ban kusa da ita ba, kada ka tsorata. Amma na tsaya a gefen hanya, na fahimci abu biyu a lokaci ɗaya. Na farko, in ni mai shekara arba'in da ɗaya, mai koyar da lissafi, wadda ba ta taɓa karya ko fitilar baya ba, na kasa riƙe ƙafata a cikin wannan motar, to 'yar sha takwas fa? Na biyu, ina son motar nan kamar in yi kuka, kuma ba na son in ga yarinyar nan a cikinta.

Da na dawo filin, Yaya ya ce, "To, Malama?" Dije tana kallon bakina.

Abu na farkon ya kamata in faɗa. Gaskiya ne, kuma ya isa. Amma na san in na faɗe shi za a yi gardama, Dije ta ce za ta kula, Yaya ya tuna da rantsuwarsa. Akwai magana ɗaya wadda a gidanmu ba a gardama da ita. Na ce, "Akwai ƙara can ƙasa. Ba za ta yi shekara ba."

Dillalin ya rantse da duk abin da ya sani. Yaya ya ɗaga masa hannu irin yadda kake yi, ya ce, "Malama ta ce a'a." Na ji daɗi, Baba. Na koma gida na ci tuwon doya har da ƙari.

Na zaci Dije za ta yi fushi, ta daina gaishe ni, in sami abin da zan ce game da 'ya'yan zamani. Kwana uku ban ji ɗuriyarta ba. Rana ta huɗu ta zo, wannan karon Gwaggo ta ce. Ta ce in ba ta aron sandar Kaka, in kuma raka ta wurin dillalin. Ta ce ta haƙura da motar, ƙarar take so in nuna mata. Ashe kwana ukun nan kullum sai ta je ta roƙi mutumin ya tayar mata da injin, ta dafa kunne da guntun ƙarfe, ba ta jin komai. Ta ce, "Kowa yana cewa kunnen a jinin gidanmu yake. Ina ga ni bai biyo ta kaina ba. Ko za a iya koya?"

Muka je. Aka buɗe bakin motar aka tayar. Ta dafa sandarka daidai inda kake sa ni in dafa, ba tare da na nuna mata ba. Ta rufe ido, ta daɗe, har jijiyar wuyanta ta fito. Sannan ta buɗe ido da ƙwalla ta ce, "Gwaggo, ni dai lafiya nake ji. Me ke damuna?"

Da na so, da na ce ta ƙara matsawa hagu, ta saurara da kyau, ga ta nan. Da ta ce ta ji, don ta faranta mini, kuma da ta rayu tana zargin kunnenta a gaban kowane inji. Na san yadda wannan yake. Wani ya taɓa gaya mini cewa Allah bai ba ni ƙafa ba, na yarda shekara ashirin.

Na ce mata babu abin da ke damunta. Na ce injin lafiyarsa ƙalau, abin da ta ji shi ne abin da na ji, ƙarya na yi. Ta ce, "Saboda me?" Na ce saboda ni alƙalami aka ba ni. Ba ta gane ba, ban kuma bayyana ba. Ta miƙo mini sandar da hannu biyu, cikin ladabi ƙwarai, irin ladabin da ya fi zagi zafi, ta tsayar da zem ta tafi.

Da yamma na je shagon Yaya na gaya masa duka: ƙaryar, da tsohuwa mai doya, da ƙafata da ta ƙi jin magana. Na ce motar ba ta da aibi amma ba ta sabon direba ba ce, a ba Dije ƙarama ta yi shekara biyu tukuna. Na ƙara da cewa cikin motar ba zai iya jar hanyar Sérou ba in za a je gaida su Gwaggo Ladi. Ya saurare ni har ƙarshe yana juya carbi. Sannan ya ce, "Malama, da wannan kika faɗa ranar farko da na ji. Yanzu ban san wanne ne na hankalinki, wanne ne na ƙyashi ba." Na so in ba shi amsa mai kaifi, ka san ba na rasawa. Sai na ga ni ma ban sani ba. Wannan ɗan naka da ya faɗi brebe sau biyu.

Ya saya mata, Baba. Maganar gaskiyar da nake da ita na kashe ta da bakina, kuma in wani abu ya sami yarinyar nan a hanya, na san rabona a ciki.

Al'adarka tana nan ba a fasa ba: duk sabon abin hawa da ya shigo gidanmu, tafiyarsa ta farko Djougou ce, da huhun goro a kai tsohon gida a raba, kamar yadda ka ce kakanninka suna yi da sabon jaki. An sa ranar Juma'a. Jiya aka gwada huhun a but ɗin motar, ya ƙi shiga. An nemo ƙarami, shi ma ya ƙi. Wanda ya ƙera motar bai yi shawara da fatake ba. Kujera kuma ɗaya ce tak bayan ta direba, Yaya ya ce ba za ta yi doguwar hanya ita kaɗai ba, shi kuma tumbinsa ya hana shi shiga.

Ɗazu saƙonta ya shigo wayata, na farko tun ranar da ta miƙo mini sandar. Ba Tanti, ba gaisuwa mai tsawo. Ta ce, "Gwaggo, goro a cinyarki. In kin ji ƙafata ta yi nauyi ki faɗa. Amma gaskiya."

Don haka jibi zan zo maka a kujerar da ka ajiye ni, da huhu a cinya, ina saurare. Kada ka zaci na warke. Zan zauna awa biyu ina kallon hannunta a kan sitiyari, kuma duk tsawon hanyar zan ji cewa da ma ni ce ke tuƙin. Amma za mu biyo ta gefen maƙabarta kafin mu shiga gari, na kuma gaya mata ta rage gudu a wurin. Ina so ka ji injin da kanka. Ina so kuma ka ga wadda ke tuƙawa, 'yar gidanka, mai kunne da ƙafa a jiki ɗaya. Na yi fushi da kai shekaru da yawa a kan wannan magana, kuma duk tsawon fushin sandarka tana bayan ƙofata, ban taɓa barin ƙura ta hau ta ba.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka abin da ka faɗa kana dariya. Allah ya tsare Dije, ya sassauta ƙafarta ta dama, ya kare tsofaffi masu tsallaka hanya. Ni kuma ya wanke mini zuciya, ko da a hankali ne.

'Yarka mai kunne,
Malama Balaraba
Parakou