Ina Rabin Taraktar Mahaifina?

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyarmu ta Manoma, mai kula da garejin gyaran tarakta da ke Kaura Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da barka da damina, ina fatan Alhaji da iyali suna lafiya. Ranka shi daɗe, ni ne Isa, ɗan marigayi Malam Bawa na Gurbin Bore. Na yi ta sintiri a ofishinka, kullum sai a ce ka tafi Gusau. Shi ya sa na rubuto a fili, domin 'yan ƙungiya su ji abin da na gani da idona.

Na farko. Ina da tsohuwar jar tarakta wadda mahaifina ya saya tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kafin a ba mu jiharmu. Da ita nake noma gonarmu, da ta marayun da yayana ya bari, da gonakin maƙwabta. A ƙarshen rani kulocinta ya fara sulɓewa: ka sa giya, injin ya yi ta kuka, taya ko motsi. Ƙarƙashinta kuma mai na ta ɗiga. Babban makanikin garejinku, Garba, ya duba ya ce robar da ke tare man giya, wadda suke kira sil, ita ce ta cinye, mai ya jiƙa farantin kuloci. Ya ce ba ta gyaruwa sai an raba taraktar biyu, injin gefe guda, giya da manyan tayoyi gefe guda. Na sayar da ragunana, na je Gusau na sayo sabon faranti da sil, na danƙa masa hannu da hannu. A gabana aka tokare ta da katako, aka kwance kusoshi, aka turo gabanta. Ya ce in dawo da an yi ruwan farko.

Na biyu. Da na dawo, rabin baya kaɗai na tarar. An turo shi waje, bakin giyar a buɗe, ko tsumma ba a toshe shi da shi ba, ruwan sama da yashi sun shige ciki. Na sa hannu na taɓa ƙarfen, tsatsa ta biyo yatsuna. Na zagaya garejin nan lungu-lungu ina neman injin, ban gan shi ba. Garba ya ce an kai shi Gusau a gwada shi, har ya rantse. Na yarda, don ban taɓa zaton za a rantse mini a kan ƙarya ba.

Na uku, kuma wannan ne ya hana ni barci. Ranar kasuwar Shinkafi na shiga mota zan kai wa ƙanwata saƙo a Katuru. Muna cikin tafiya na hangi wata tarakta tana huɗa a bakin hanya, gabanta ja, bayanta shuɗi. Na ce wa direbanmu ya tsaya don Allah. Na sauka na ratsa kunya-kunya har na iso gare ta. Ga waldar da mahaifina ya sa aka yi wa hancinta lokacin da ta daki gawo, ga fitilar babur da ni kaina na ɗaura mata. Ranka shi daɗe, injina ne. Na zauna a ƙasa cikin gonar mutane ina ta salati.

Mai tuƙa ta bai ɓoye mini komai ba, don bai san ko ni wane ne ba. Ya ce taraktar surukinka ce, irin tawa ce sak, fenti ne kawai ya bambanta. Injinta ya buga ana gab da shuka, aka ɗora mata wannan a garejin ƙungiya. Har yabon sabon kulocin yake yi mini, wai bai taɓa taka mai daɗinsa ba.

Na koma wurin Garba. Ya sunkuyar da kai, ya ce kai ka ba da umarni, wai aro ne na 'yan kwanaki. Alhaji, wane irin aro ne ake yi ba da sanin mai abu ba? A bara ne fa muka cika motoci muka tafi Gusau muna kabbara don an ƙaddamar da Shari'a. Da muka dawo, kai ka tara mu a harabar garejin nan ka ce daga yau duk wanda ya ci amanar ɗan'uwansa ba ya cikinmu. Ina sahun gaba, na ji da kunnena.

Na huɗu. Maƙwabcina Arɗo Buba ne ya tausaya ya ba ni shanun noma. Da su na huɗe gonar marayu, ita ma ban gama ba. Geronsu bai kai gwiwa ba, na mutane ya fara fitar da kai. Tamu gonar kuwa ciyawa ta cinye. Matar yayana ma na ga ta fara rage awon da take ɗibowa daga rumbu.

Don haka ina roƙo a dawo da injina garejin, a haɗa taraktata a gabana, da farantina da sil ɗina. A buɗe giyar a wanke ta, abin da tsatsa ta ci a musanya shi. Abin da marayu za su rasa a kaka kuma, dattawan ƙungiya su zauna su duba, wanda ya ci moriyar injin ya cika musu. Ni ban nemi komai a kan tawa gonar ba.

'Yan'uwana sun matsa mini in kai ƙara gaban alƙali, kuma shaidu ba su yi mini wuya ba. Abin da ya riƙe ni guda ne. Kai ka shiga kabari ka karɓi gawar mahaifina, ka kwantar da shi da hannunka. Ba na son bakina ya ambaci sunanka a kotu. Zan jira zuwa kasuwar Shinkafi mai zuwa. In ta watse ban ga injina ba, zan tafi, ko da ina kuka.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka tun a nan duniya, Ya sa mu gama da juna lafiya.

Wassalam.

Naka ɗa,
Isa na Malam Bawa,
Gurbin Bore.