Kwandon da Ya Ƙi Ni

Zuwa ga angona, sarkin rowa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kwamfutar nan da ba ta gajiya da kallon fuskarka. Ya aiki, ya ciwon bayanka na tsofaffi? Ni lafiya lau, in ka cire idon hagu da yake ta rufewa kamar ana jan labule.

Ka tuna watan da ka yi a ɗakina kana rubuta wa asibiti manhajar layin marasa lafiya, har ka ƙwace mini teburin guga? Na tambaye ka me kake ta ƙwanƙwasa, ka ce kwando kake saƙawa. Wai da farko ka bar shi yana karɓar kowane irin abu, mutum ne, gado ne, kwalbar magani ce, sai ya rasa yadda zai jera su. Shi ne ka ɗaura masa sharaɗi a baki: babu irin da zai shiga sai mai ranar haihuwa, don a iya jerawa, a kuma auna magani daidai shekaru. Ka ce tun kafin a kunna shi yake tofar da abin da bai cika sharaɗin ba. Har tafi na yi maka, ni sakarai.

To, jiya kwandonka ya tofar da ni. Na gama cika wa matan da muke jira tare a bencin asibiti baki cewa jikana ne ya ƙera abin, sai mai rajista ta nemi ranar haihuwata. Na ce uwata ta ce shekarar da rufin ɗakinta ya rufta ne. Yarinyar ta ce babu gurbin rufi a ciki. Matan benci suka samu abin dariya.

Likitan ido sau ɗaya yake zuwa a wata uku, kuma ranar Laraba za a rufe sunaye. Ka sassauta bakin kwandon nan in shige, ɗan nema. Ka gaishe mini da uwarka.

Taka har kullum,
Kaka

Zuwa ga jikana,

Ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso ranar Asabar, kwana uku bayan an rufe sunaye. Shafi biyu! Sannu da ƙoƙari, malam.

Na fahimta. In ka cire sharaɗin, duk abin da ka gina a kansa zai zube, har a ɗura wa jariri maganin babba. Ban ce ƙarya kake ba. Amma wata guda kana cin girkina, kana kallona safe da yamma, ba ka taɓa tambayar kanka ko tsohuwar nan tana cikin irin da kwandonka zai karɓa ba.

Dabarar da ka maƙala a can ƙasan takarda, wai a ƙirƙiro mini rana, an yi ta. Mai rajista ta ba ni ɗaya ga Janairu. Ashe duk tsofaffin benci ranar aka ba su. Mu goma sha ɗaya, haihuwar rana guda, har da mai gyaran takalmin da ya girme ni da haƙora. Ka ga kwandonka ba ya cin gaskiya, amma ƙarya lafiya lau yake haɗiye ta.

Na jira wata ukun. Likita ya haska idon. Daga baya ya ce jijiyar ta riga ta mutu, da zuwan da ya gabata ne da an ceci wani abu. Yanzu na dama muke lallaɓawa, shi ma ya fara yaji.

Kada ka yi mamakin kyan rubutun nan. Ba makaranta na koma ba, maƙwabciyata tela ce take rubutawa ina faɗa mata. Uwarka ta ce kana jin nauyin zuwa. Ka zo, ba dukanka zan yi ba, ko na kai hannu ba zan same ka ba. In ka shigo dai ka tsaya ta hannun damana, ka yi magana da ƙarfi, kada in tambaye ka ɗan gidan wa ne.

Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Kakarka