Ɗorawar da ke Gefen Gonar Kawu

Bunkure, Jihar Kano.

Zuwa ga Kawuna mai daraja, Alhaji Mustapha, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Kubra da ɗaukacin iyali.

Maƙasudin wannan takarda shi ne in gabatar maka da natijar nazarin da na gudanar tun da ka danƙa mini ragamar gonarka ta noman rani, da sharaɗin in na nuna ƙwazo bana za ka bar mini ita dindindin. Babbar mas'alar gonar nan, Kawu, ita ce ɗorawar da ke gefenta ta gabas. Inuwarta ta mamaye fangalin tumatir na wannan sashe, shukar ta zama tsilli-tsilli, tsuntsayen duniya kuma sun mayar da ita majalisa. Na yi mamakin yadda manoman yankin nan suka shekara suna kallon wannan illa ba wanda ya lura. To, ina laifinsu? Wanda bai taɓa zama ajin kimiyyar noma ba, inuwa wurin kwanciya ce kawai a wurinsa.

Na fara neman Tambaya, mai saran itacen ƙauye. Ya zo da gatarinsa a kafaɗa yana sakace, ya buƙaci lada da abincin rana, ya ce aikin sai a hankali. Na sallame shi. A Garun Mallam na samu wani matashi wayayye, Fatihu, mai zarton inji. Da ganina ya kira ni Injiniya, alamar ya san darajar ilimi. Mun ƙulla yarjejeniya wadda zan so ka jinjina mini a kanta: ba zai karɓi lada ba, abin da ya faɗo ƙasa kawai zai kwashe. Ka ga an rage rassa, aljihunka bai yi kuka ba. Wannan shi ake kira tattalin arziki.

Ina jiran sa albarkarka. Ka huta lafiya.

Ɗanka mai biyayya,
Suhaibu.

*

Kaduna.

Suhaibu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarka tana gaishe ka.

Kada ka taɓa ɗorawar nan, ba tamu ba ce. Lokacin da kakanka ya sayi gonar daga hannun Maikano, ƙasa aka sayar, ba itace ba. Maikano ya bar wa 'yarsa Rifkatu ɗorawa, kamar yadda tasa uwar ta bar masa. Rifkatu ita ce tsohuwar da ke kai daddawa kasuwar Bunkure, da kalwar itacen nan take ci da jikokinta. Kowa a garin ya san haka, da ka gaida wani da ka ji.

Na biyu, wanda ladansa itace ne ba ya rage reshe. Ka kori yaron nan. In inuwa ta dame ka, ka je gidan Rifkatu ka durƙusa ka roƙa, bayan ta gama roron 'ya'yan bana.

Wassalam. Kawunka,
Mustapha.

*

Bunkure, Jihar Kano.

Zuwa ga Kawuna mai daraja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma, takardarka ta iso ta hannun direban motar shinkafa, na kuma karanta ta da idon basira.

Da farko, batun cewa ƙasa ta mutum ce amma itacen da ya kafa saiwa a cikinta na wani ne, ra'ayi ne da hankali ba zai ɗauka ba. Ruwan wa take sha? Takin wa take ci? Duk da haka, saboda girmanka, na ƙudurta ba za a kayar da ita ba, gyara kawai za a yi mata, wanda a ilmance alheri ne ga mai ita. Ban ga wajibcin neman izini kafin a yi wa mutum alheri ba.

Aikin ya gudana a gabana, bisa ƙa'ida. Da aka sauke rassan da ke kan tumatir, sai Fatihu ya ja da baya ya ƙare mata kallo, ya ce, "Injiniya, ka fi ni sani, amma kamar ta rinjaya gabas ko? Iskar damina na zuwa, sai dai a ji ta a ƙasa." Na duba, haƙiƙa ta rinjaya. Na ba da umarni a daidaita. Da aka daidaita sai yamma ta fi nauyi. "Ɗan kaɗan ya rage, ranka ya daɗe," in ji shi. Kawu, daidaito ginshiƙi ne a kimiyya, ba abin wasa ba. Kafin la'asar mun samu cikakken daidaito, domin babu sauran ɓangaren da ya fi wani. Gangar jikinta na nan tsaye lafiya lau. Sai da na ga motar gidan burodi ta zo kwasa na fahimci cewa tun kafin ya kunna inji ya yi cinikin itacen. Wannan rashin tarbiyya ne irin na 'yan tasha, kuma na faɗa masa haka, ko da yake ƙarar mota ta hana shi ji.

Sai ga ita Rifkatun, da ɗanta Luka. Na yi tsammanin hayaniya, na ma tanadi hujjoji. Ba ta ko dube ni ba. Ta tsuguna tana tsintar furen da ya zube tana tarawa a bakin zane, abin da ba shi da wata fa'ida, tunda fure in ya faɗo ya gama aiki. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa itacen zai yi sabon toho, bayan 'yan shekaru ya fi da yabanya. Ta ce, "Luka, tambayi malamin, jikokina su ma sai bayan 'yan shekarun za su ci?" Luka ya ce, "Inna, ai kin ji, da digiri aka sare ta." Ka ji irin mutanen da nake fama da su. Ana maganar kimiyya, suna maganar tuwo.

Tun ranar, matan da ke mana tsinkar tumatir suka ɗauke ƙafa, Musulminsu da Kiristansu, wai kowacce kanta ke ciwo. A masallaci in na yi sallama sai a amsa wa bango. Mai shayi ya tambaye ni ko a daidaita mini burodi. Tumatir kuma ya nuna, yana zubewa. Ina roƙonka ka rubuto wa dagaci ya ja kunnen jama'arsa, domin wannan ƙauyanci yana barazana ga amfanin bana, kuma ba adalci ba ne a auna ƙwazona da shi.

Ka huta lafiya.

Ɗanka mai biyayya,
Suhaibu.

*

Kaduna.

Suhaibu,

Wa alaikumus salam. Na yi magana da dagaci, na kuma yi da Rifkatu. Na ba ta haƙuri da bakina, a waya, da tsufana, ban san sanda na cire hula ba.

Ga abin da aka yanke. Ka cinye mata itace, za ta ci ƙasa. Gonar tana hannunta daga tumatirin da ke ciki, har ranar da ɗorawa ta sake ba ta kalwa. Kai ka ce 'yan shekaru ne, sai mu gani. Ka miƙa wa Luka injin ban ruwa da mabuɗin ɗakin taki.

Na tambaye shi ko zai ɗauke ka aiki. Ya ce yana neman mai korar awaki daga sabon toho, amma zai fara duba wasu.

Innarka ba ta ce a gaishe ka ba. Wassalam.

Mustapha.