Ka Zo Ka Gaya wa Inna da Bakinka

Wurno,
Litinin, bayan azahar.

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da na zaɓa tun ban san zafin rana ba, Junaidu ɗan Malam Tambari. Ya kai wanda muryarsa ta fi mini daɗi a kan ƙarar ruwan farko idan ya shigo gona bayan dogon jira, wanda idan aka ambaci sunansa a tsakar gida sai na nemi abin da zan duba a ƙasa.

Na jero maka sunayen nan ne don gaskiya ne, kuma don kada ka ce fushi ya sa Kaltume ta manta da ladabi. Ban manta ba. Ina gaishe ka, ina gaishe da karatu. Amma kada ka gyara zama, wannan takarda ba ta jin daɗi ba ce. Saura wata biyu ranar da iyayenmu suka sa mana, bayan an cire tafarnuwa, kuma abin da ka yi bayan ka karanta ta shi zai nuna ko za a ɗaura ko za a mayar muku da goronku.

Ka tuna yawon Sallar da muka je dam ɗin Goronyo, kafin ka tafi jami'a? Ni ban manta ko kalar hularka ba. Muna tsaye a bakin ruwa, iska tana ta jan mayafina, kana nuna mini babbar hanyar ruwa, da yadda take rabuwa zuwa ƙanana, ƙananan su sake rabuwa har su kai fangalin talaka. Ka ce haka cikin kan mutum yake, kuma shi za ka je ka karanta, ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wallahi a ranar, da a ce ka ce ruwan nan kai ka tara shi da hannunka, da na yarda. Na tambaye ka, likita ke nan? Ka yi dariya, ka gyara hula, ka ce, "Kusan haka." Ya masoyina, me ya hana harshenka cewa a'a? Kalma ce ƙarama, ko yaron goye yana iya ta.

Shekarar farko ka aiko da hoto kana sanye da farar riga har gwiwa. Inna Habi, uwar da ta haife ni, ta karɓe shi daga hannuna ta jingina a saman jeren kwanoninta, inda ko hoton marigayi Babanmu bai samu shiga ba. Daga ranar ta daina kama sunanka, sai Likita. Unguwa ta ɗauka. Idan ka zo hutu tsofaffi suna tare ka a ƙofar masallaci, wannan ya nuna maka gwiwa, wancan ya nuna maka ido, kai kuma kana gyaɗa kai kana cewa a rage gishiri. Shekara uku da rabi kana amsa sunan da ba naka ba, kana jin daɗinsa kamar yadda nake jin daɗi idan ka kira ni taka. Ni ma na yi ta taƙama da shi a gidan biki, ba zan ɓoye ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru waccan ranar Alhamis da ciwo ya kama Inna, don ba ka taɓa tambayata dalla-dalla ba. Ranar ce aka saki ruwa a ɓangarenmu, Yaya Halliru ya fita tun da safe don kada rabonsa ya wuce. Ni da Inna muna tsakar gida muna ɓare tafarnuwar iri. Ka san hannun Inna a wannan aiki, kafin in gama kai ɗaya ta gama uku, tana yi tana rera waƙoƙinta. Sai waƙar ta tsaya. Na ɗago, na ga ƙwarya ta kife, bakinta ya karkace, hannun dama ya zube a cinyarta. Tana kallona tana so ta kira ni, sunana ya ƙi fitowa. Maƙwabciyarmu Ma'u ta shigo da gudu ta ce iska ce, ta koma ta ɗebo garwashi da hayaƙi. Yaya Halliru ya dawo da taɓo har gwiwa, ya ce shi dai mota zai nema a kai ta Sakkwato yanzu yanzu. Ni na tare ƙofa. Ni, da bakina, na ce masa mi za a nema wurin baƙi alhali muna da likitan ƙwaƙwalwa a gida.

Na kira ka. Kana tsakiyar jarabawa. Kai ɗan garin nan ne, ka san ba a ɗora wa na nesa labarin ciwo, ka san yadda aka rene mu. Lokacin da kakarka take kwance ba ta gane kowa, me aka riƙa gaya wa babanka yana Makka? Haka na yi maka, don ina sonka, don kada hankalinka ya rabu biyu a kan takarda. Na ce Inna ba ta jin daɗi, amma da sauƙi. Da likitan gaske ne, da ya tambaye ni ina ne ke ciwo, tana magana, tana ɗaga hannu? Kai ba ka tambayi ko ɗaya ba. Ka ce, "Allah shi ƙara sauƙi. Kak ku damu, in na taho sai in duba ta." Na ajiye waya na gaya wa Yaya Halliru cewa Likita ya ce a jira shi. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya koma gona.

Kwana tara muka jira ka. Kwana tara ina ɗura mata kunu da cokali rabi yana zubowa ta gefen baki, ina juya ta, ina wanke ta, ina gaya mata saura kwana kaza Likita ya iso. Duk lokacin da na faɗa sai idonta ya tafi kan hoton nan.

Ka iso ranar Asabar da la'asar. Na ga fuskarka lokacin da ka ɗaga labule, kuma tun kafin ka buɗe baki na san na yi ɓarna. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ɗaga hannunta ka sake shi ya faɗi, sannan ka ja ni zaure. A nan ne, ya abin alfaharina, ka zuba mini karatu. Ka ce hanyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ƙaramar hanyar ruwa take toshewa, duk shukar da ke bayanta ta bushe. Ka kira sunan wurin da Turanci, ka zana mini shi a ƙasa da tsinke. Ka ce awannin farko su ne komai, da an kai ta a ranar wataƙila da an rage ɓarnar. Na ce to yanzu ga ka, sai ka yi mata magani. Sai ka sunkuyar da kai ka ce kai ba likita ba ne, kuma karatunka ba ya mayar da mutum likita.

Na tsaya ina sauraronka kana lissafo mini abin da kake yi a can tun shekara uku da rabi. Ilimin halittu kaɗan, kemistiri kaɗan, lissafi, kwamfuta, ilimin halayyar ɗan Adam, har da wani darasi da ake zama ana gardama a kan mene ne hankali. Ka ce daɗin kwas ɗin ke nan, ya haɗa fannoni da yawa, don ƙwaƙwalwa ba ta fahimtuwa ta ƙofa ɗaya. Ka ce farar rigar ta ɗakin gwaje-gwaje ce, inda kuke koya wa ɓera bin hanya kuna rubuta sau nawa ya ɓata. Ɓera, Junaidu! Mu nan muna sa masa tarko, ku can kuna ba shi abinci kuna tafa masa. Ka zagaya rumfa shida kamar mai cefane, ka ɗebo nan ka ɗebo can, ka iso gaban uwata babu abin da za ka iya ɗora mata a tukunya. Ban ce karatunka banza ba ne. Na ce ba ka gaya mana ko mene ne ba, sai da ya yi mana tsada.

Da a nan ka tsaya da na haɗiye. Amma washegari da hantsi Ma'u tana daka a gidanta tana waƙa, sai Inna, wadda kwana goma ba ta haɗa kalma biyu ba, ta ɗauki amshi ta rera shi tsaf har ƙarshe. Ni na fashe da kuka. Kai kuwa na ga idonka ya yi haske irin hasken da nake zaton ni kaɗai nake sa shi. Ka ce kun karanta wannan, magana da waƙa ba hanyarsu ɗaya ba a cikin kai, ba ka taɓa zaton za ka gani da idonka ba. Ka zaro waya ka fara ɗaukarta, miyau yana zuba a haɓarta, ɗankwalinta ya zame, kana cewa malaminka zai so ya gani don aikinka na shekarar ƙarshe. Matar da take ajiye maka dambun nama tun kana sakandare! Da ban fizge wayar ba, da yanzu baƙi suna kallon tsiraicin kan uwata a allo. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane ka a wannan lokacin ba, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne ko a lokacin ina sonka.

Kada ka ɗauka na wanke kaina. Ni na tare ƙofa, ni na ce da sauƙi. Yaya Halliru bai taɓa yi mini gori ba, sai dai tun ranar ba ya haɗa ido da ni idan na miƙa masa abinci, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Nawa laifin ina ɗauke da shi kullum daga ɗaki zuwa banɗaki, ina riƙe da ƙugun Inna. Naka kuwa ka bar shi a zaurenmu ka hau mota ka koma.

Zan ba ka haƙƙinka. Kai ka matsa aka kai ta asibiti a Sakkwato, aka gano hawan jini, aka ba ta magani. Dabarar da ka koya mini kafin ka tafi, in riƙe hannunta na hagu ina bugawa a hankali ina sa kalma a cikin waƙa, ta yi aiki. Yanzu tana iya rera ruwa idan tana jin ƙishi. Tana rera sunana. Ranar da ta fara na so in kira ka, na ɗauki waya, na tuna fushi nake, na ajiye.

Ga abin da ya sa na rubuto. A asibiti wata ma'aikaciya ta nuna mana motsa jikin da za a riƙa yi mata safe da yamma, ta ce idan aka yi sakaci a watannin nan hannun zai ƙage, ƙafar ma haka, kuma ba a dawo da su. Inna ta ƙi. Idan na kama hannun sai ta janye da na hagu, ta juya fuska ga bango. Yaya Halliru ya lallashe ta, Ma'u ta yi mata faɗa, duk a banza. Na daɗe ban gane dalili ba, sai jiya da na zauna ina buga mata hannu, ta dubi saman kwanoni, ta tattara duk ƙarfinta ta rera mini kalma biyu da ba ni na koya mata ba. Ta ce, "Likita, yaushe?" Ashe jiranka take. Ba ta son kowa ya taɓa hannun kada a ɓata maka aiki. Ni ka gaya wa gaskiya a zaure, ita kuwa ka yi mata sallama da murmushi ka ce sai ka dawo. Na gwada gaya mata, ta harare ni kamar na yi saɓo. Daga hotonka ta ɗauko sunan, daga bakinka kawai za ta yarda ta sake shi. Yatsunta biyu sun riga sun fara lanƙwashewa.

Saboda haka, ya ruwan sanyin da ya shaƙe ni, ba na son takarda, ba na son bayani a waya, ba na son turare ko atamfa. Ka nemi izini wurin malamanka masu yawa, ka hau mota a makon nan. Ka bar wayarka a zaure. Ka shiga ka durƙusa gaban Inna, ka gaya mata da Hausar da za ta gane cewa kai ɗalibi ne, ba ka da maganin da za ka ba ta, ba ka taɓa samunsa ba, kuma ka ji daɗin sunan ne ka kasa mayarwa. Sannan ka kama hannun nan na dama da kanka ka fara miƙe mata yatsu, yadda ma'aikaciyar ta nuna, ko tana so ko ba ta so. Za ta yi kuka, don kuka yana cikin abin da ciwon ya bar mata. Ni zan zauna a bayanta in riƙe ta.

Idan ka yi haka, ka koma ka ƙarasa karatunka, ka haɗa fanni goma ma idan kana so, zan jira ka in bi ka duk inda ɓerayenka suka kai mu. Idan kunya ta hana ka, ka aiko a karɓi goronku. Ba zan auri wani ba, wannan kam ka sani, don zuciyar ɗaya ce kuma ka riga ka cinye ta. Sai dai ba zan kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ya bar hannun uwata ya ƙage don kada a daina girmama shi ba.

Taka har ƙasa ta rufe idona, wadda ba ta yafe maka ba tukuna,

Kaltume.